Ba a Tura Baba Ribas

Surukina, wanda muke kira Baba, bai taɓa yafe mini rashin iya tuƙi ba. Ranar da na fara zuwa gaishe shi, lokacin ina neman 'yarsa, bai tambayi asalina ba, bai tambayi inda nake kwana ba. Cewa ya yi, "Malam, kana da lasin?" Na ce ba ni da shi, ni malamin lissafi ne, ƙafata ce motata. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya juya wajen matarsa ya ce, "To, Allah dai ya sa ya iya tsallaka titi." Yau shekara goma sha ɗaya ke nan, 'ya'yanmu uku, amma har gobe in na yi masa sallama sai ya ce in duba hagu da dama.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan babbar mota, irin mai tayoyi goma sha takwas ɗin nan, kuma in ka ba shi kunne zai rantse maka ko kaza bai taɓa takawa ba. Ya hau duwatsu da lodin siminti, ya sauka gangaren da birki ke hayaƙi, ya ratsa gadojin da ruwa ya shanye. Duk wannan ko ƙwarzane bai samu ba. Abin da ya kayar da shi tsani ne, a tsakar gidansa, ranar da ya hau gyaran kwanon da ke yoyo a ɗakin girki. Tsanin ya zame, ya faɗo ta baya, daga ƙugu zuwa ƙasa komai ya yi shiru. Shi da bakinsa yakan ce, "Ƙasa biyar na zaga ban yi hatsari ba, sai a gaban murhun matata."

Wata takwas ya yi a kwance yana faɗa da duk wanda ya shigo. Da aka kawo keken guragu, sai ya juya fuska bango ya ce a fitar masa da shi. Mama, wato surukata, ta yi lallashi har ta gaji. Matata, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma yake kira Sufeto saboda bin diddiginta, ta yi masa bayani irin na asibiti, ya ce ta je ta yi wa masu lasin ɗin sauraro. Wadda ta iya da shi wata 'yar gajeriyar mata ce da asibiti ke turowa tana motsa masa gaɓoɓi. Rannan dabara ta yi masa. Ta shige cikin keken ta zauna, ta fara yawo a ɗakin, ta daki ƙafar gado, ta kankare fentin ƙofa, ta ja baya ta ture bokiti. Yana kallonta ta wutsiyar ido, yana cije leɓe. Da ta sake nufar ƙofar a karkace, haƙurinsa ya ƙare.

"Ke, wa ya koya miki shan kwana? Buɗe tukuna, ki ba bayanki fili."

"Ni haka na iya," in ji ta. "In akwai wanda ya fi ni, ya zo ya nuna."

Daga ranar babu sauran keken guragu a gidan nan, sai "mota". Ya sa aka ɗaura mata madubin babur a hannun dama da ƙararrawar keke a hagu. Ya samo safar hannu ta fata, ya rataya ɗan tawul a gefe. Kowace safiya, kafin ya sha shayi, sai ya matsa tayoyi da babban yatsa ya ji iska, ya ja birki ya saki, ya bi kowane noti da sifana, ya tsince gashi da zaren da ke naɗewa a ƙananan tayoyin gaba. Mama takan ce da ita yake duba lafiyarta haka kullum, da ba ta san hanyar asibiti ba.

Sunan Ribas kuwa mutanen unguwa ne suka laƙaba masa. In zai sauka daga dakalin gefen titi ba ya fuskantarsa. Sai ya juya baya, ya leƙa madubi, ya sunkuya har ƙirjinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya sauke manyan tayoyin nan biyu a tare, a hankali. Kuma yana yi yana kukan babbar mota da bakinsa, "fiit, fiit, fiit," ko da kuwa babu kowa a bayansa sai akuya. Da farko ana dariya a ɓoye. Da aka ga shi ma sunan ya yi masa daɗi, sai har jikokinsa suka kama.

Bai cika shekara da hawa motar ba ya samu aiki a wata makarantar koyon tuƙi. Ba ya shiga mota da ɗalibai. Wurinsa filin bayan makarantar ne, inda aka jera tsofaffin tayoyi, yana zaune a inuwa yana koya wa mutane ajiye mota da baya. Na taɓa ganin wani babban ma'aikacin banki, da ƙaton tumbinsa, yana gumi a gabansa kamar ɗan aji ɗaya. Baba yana cewa, "Ranka ya daɗe, tayar da ka taka yanzu, da mutum ce da muna hanyar gidan gaisuwa. Koma." Aikin nan shi ne ya dawo mana da shi. In ya dawo gida da rana, bakinsa cike yake da labarin wanda ya ci da wanda ya kashe tayoyi uku.

Daga gidansa zuwa makarantar, mai ƙafa zai yi minti goma. Shi ashirin da biyar yake yi, rabi saboda gaishe-gaishe, rabi saboda wanda ya yi hanyar bai san da irinsa a duniya ba. Ni da na bi ta sau ɗari ban taɓa ganin komai a kanta ba, sai da na fara raka shi ranakun Asabar. Ashe tun daga ƙofar gida akwai matakala biyu, waɗanda kafinta ya yi wa faffaɗan katako ya zama gada. Ashe a gaban shagon tela daɓen ya karkata wajen titi, in ka saki jiki sai keken ya riƙa jan ka cikin motoci, dole hannu ɗaya ya fi ɗaya aiki. Gaba kaɗan akwai maƙwabcin da ya zube tsakuwa zai yi gini tun shekarar da aka haifi ɗana na biyu. Ginin bai tashi ba, tsakuwar ce dai kullum take ƙara cin hanya. A nan Baba yakan ɗan ja jiki, ya ɗaga ƙananan tayoyin sama, ya wuce a kan manyan yana yi wa mai ginin addu'ar da ba ta alheri ba.

"Manyan tayoyi ba sa cin amana," in ji shi. "Waɗannan 'yan mitsi-mitsin na gaba su ne munafukai. Dutse kamar ƙwan kaza ya ishe su su tsaya cak. Su sun tsaya, kai ba ka tsaya ba."

Bayan tsakuwa sai kwata, wadda aka rufe da murfin ƙarfe mai sanduna. Tsakanin sanda da sanda daidai kaurin ƙaramar taya ne, sai ka ce da gangan aka auna. Ba ya taɓa hawanta a miƙe, sai ya karkata ya yanke ta a kaikaice. Daga nan sai babban aiki, hawan da ke gaban mai wankin mota, inda ruwan sabulu ke gangarowa tun safe har yamma.

Dokarsa guda ce, kuma kowa a gidan ya haddace ta: ba a taɓa mariƙan bayan keken sai shi ya ce a taɓa. Ya so ma ya sa a yanke su da zarto, Mama ta ce sai dai a fara yanke nata hannun. Abin da ya fi ba shi wahala a titi ba rami ba ne, masu kirki ne. Wani bawan Allah ya taɓa iske shi a bakin titi, bai tambaye shi komai ba ya kama ya tsallakar da shi, yana ta murna ya samu lada. Baba ya ce, "Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzu mayar da ni, mai facin taya nake jira."

Duk wannan na san shi. Ina faɗa ne don kada wani ya nema mini uzuri.

Wata Asabar muna dawowa, mun sauko daga gangaren mai wanki lafiya, sai hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Iska ta taso, kowa ya kwashe kayansa ya shige, titi ya zama babu kowa. Ɗigon farko ya sauka a kan gilashin idona. Ban san lokacin da hannuwana suka kama mariƙan nan ba. Ina jin a raina ga ranar da Baba zai ga amfanin surukinsa.

"Malam, sake ni."

"Baba, ruwa zai dake mu."

"Malam, kwata ce a gaba, rage..."

Bai ƙarasa ba. Na hau murfin a miƙe, da gudu, ƙaramar tayar hagu ta faɗa tsakanin sanduna. Keken ya tsaya, ni na daki bayansa da ciki, Baba kuwa ya wuce gaba ya sauka a kan kwalta da goshi da hannu ɗaya.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Jini yana bin girarsa, ruwa yana wanke shi, ni kuwa ina tsaye ina ta salati na rasa ta inda zan kama. Ƙarar ce ta fito da tela da mai wanki. Suka yi kansa za su sungume shi, ya ɗaga hannu mai lafiyar ya tsayar da su. Daga kwance ya ba da umarni: a fara ciro motar, a kawo ta kusa, a ja birki duka biyu, mutum ɗaya ta bayansa ƙarƙashin hamata, ɗaya a gwiwoyi, a ɗaga tare in ya ƙirga uku. Sai da ya zauna daram, ya dafe goshi da tawul, sannan ya dube ni.

"Malam," ya ce, "ashe kana da gudu."

Ɗinki huɗu aka yi masa a gira, wuyan hannun hagu kuma targaɗe. Matata ta iso asibitin ko mayafi ba ta daidaita ba, Mama na biye da ita. Sufeto ta tsaya a kansa ta ce, "Baba, garin yaya?" Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai ya riga ni.

"Ganganci na yi. Na ga hadari na ƙara wuta, na manta da kwatar."

"Kai kuma kana ina?" ta ce da ni.

"Yana baya yana ta ce mini in rage," in ji Baba. Ya kafe ni da ido ta ƙarƙashin bandeji har sai da na rufe bakina.

Mama ba ta yi faɗa ba, kuma duk wanda ya san ta ya san wannan ne mafi muni. Washegari da safe aka nemi katakon ƙofa aka rasa. Baba ya gangaro har bakin matakala, ya leƙa, ya juyo.

"Uwar yara, ina katakon?"

"Yana hutawa."

"A ina?"

"Ƙarƙashin gadona. In kana so ka shiga ka ɗauko."

Babban ɗansu ya bugo waya daga inda yake aiki, ya goyi bayan uwarsa, ya ce in ma fitar dole ce a samo wanda zai riƙa tura shi. Baba ya ce gara a ɗaure shi a saman lodi da igiya. Sufeto ta zauna ta yi masa lacca ta minti arba'in a kan tsufa da rawar kai, ina gefe ina gyaɗa kai kamar mutumin kirki.

Da farko abin wasa ya ɗauke shi. Hannun ya warke cikin sati uku, ya fara dabaru. Ya aika wa kafinta saƙo ta bakin tela, Mama ta tare kafintan a ƙofa, ta ba shi shayi ya sha, ta raka shi har titi. Na taɓa shigowa na tarar yana auna ƙyauren kabad da taƙi, da ya gan ni ya ce ƙura yake gogewa. Ya ce zai yi yajin cin abinci, ya yi na awa biyu.

Daga baya wasan ya ƙare. A sati na biyar na je gidan na same shi a tsakar gida yana kallon bango, rediyo na yi shi kaɗai. Ban san me ya sa na kai hannu na matsa tayar dama ba. Ta lotsa. Madubin ya yi ƙura har ba ka ganin fuskarka. Mutumin da ba ya shan shayi sai ya duba iska, ga shi zaune a kan taya sacacciya bai ma sani ba. A ranar ne kuma mai makarantar ya zo dubiya, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce ɗalibai sun taru, in wata ya ƙare Baba bai dawo ba dole ya sa wani a filin. Baba ya ce, "Gaskiya ne, aiki ba ya jira." Ko murya bai ɗaga ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Da baƙon ya tafi na matsa kusa na ce, "Baba, zan faɗa musu."

"Ba za ka faɗa ba."

"Ni na jawo. Aikinka zai tafi a kan laifina."

"Sufeto za ta yi maka wankin babban bargo. Ni kuma in zama maƙaryaci a gaban matar da ban taɓa yi wa ƙarya ba, in ka cire maganar gudun mota." Ya murza safar hannunsa. "Malam, shekara nawa ka yi kana zuwa gidan nan kana tsayawa a bakin ƙofa kamar mai kawo wasiƙa? Sai da na karye sannan ka iya zama ka ci abinci da ni. Ba na so ka koma bakin ƙofa."

Na so mutumin nan a ranar fiye da yadda na taɓa sonsa, kuma saboda haka ne na ƙi bin maganarsa.

Ranar Lahadi muna cin abincin rana gaba ɗaya, na ajiye cokali na ce, "Mama, ni na tura Baba. Ya ce in sake shi, ban saki ba. Ni na jefa shi a kwatar." Na so in yi dogon bayani, amma iyakar abin da ya fito ke nan.

Baba ya dubi rufin ɗaki ya ce, "Kwanon nan ma kamar ya fara tsatsa."

Matata ta juyo gaba ɗaya. "Kai? Sati biyar kana kallona ina yi wa ubana faɗa, har kana gyaɗa kai?" Na ce haka ne. Ta ce za mu yi magana a gida, kuma mun yi, kwana uku muna yi, ko in ce tana yi. Amma ni ba ita nake jira ba, Mama nake jira. A lissafina, tunda gaskiya ta fito, katako zai fito. Malamin lissafi ne ni, amma wannan karon na faɗi.

"Na ji," in ji Mama. "Allah ya kiyaye gaba. Ƙara miya, Malam." Ta zuba mini. "Katako dai yana inda yake."

"Mama, ai ba laifinsa ba ne."

"Ko kai ka tura, ko iska ta tura, ni ce na wanke rigar. Sau biyu ke nan ana kira na in zo in gan shi cikin jini. Titi cike yake da masu kirki irinka. Ba zan zauna jiran na uku ba."

Ba ƙarya ta yi ba. Can sai Baba ya gyara zama ya ce, "Uwar yara, shekara shida ina fita. Kin taɓa ganin yadda nake tafiya?"

Sufeto ce ta amsa a madadinta, a hankali, ta ce duk ranar da zai fita Mama ɗakin girki take shigewa ta buɗe famfo, sai ta tabbata ya yi nisa take rufewa.

"To ran Asabar ki zo ki yi mini jarrabawa," in ji Baba. "Daga ƙofa zuwa makaranta. In na faɗi, ki faskara katakon ki dafa shayi da shi, ba zan sake magana ba. Sharaɗi ɗaya ne, ba taɓawa."

Mama ta daɗe tana juya cokali a kwano kafin ta ce to. Matata ta nuna ni da yatsa ta ce, "Kai ma za ka bi su, hannuwanka a aljihu."

Ran Asabar tun ƙarfe bakwai na iso, na tarar ya riga ya buga iska, ya goge madubi har yana ƙyalli, ya sa wa kowane noti sifana sau biyu. Ni na rarrafa ƙarƙashin gadon Mama na jawo katakon, na fito da yanar gizo-gizo a kai. Muka jeru, Baba a gaba, Mama a bayansa ta rungume jakarta da hannu biyu, ni a ƙarshe kamar wanda aka kora daga aji.

Ya sauka katakon a hankali, yana barin zoben tayar na zamewa cikin safarsa. A gaban tela ya riƙa bayani kamar yana gaban ɗalibai: "Kin ga nan ƙasa tana ja dama, to sai a ba hannun dama aiki." Tela ya fito da almakashi a hannu yana yi masa barka da fitowa, ya ga fuskar Mama, ya koma ciki. Da muka zo tsakuwa ya ɗaga tayoyin gaba, sai na ji Mama ta ja numfashi ta haƙora. A bakin kwata ya tsaya ya nuna mata. "Nan ne Malam ya yi gasar tsere." Ya karkata, ya yanke sandunan a kaikaice, ƙarfen ya yi ƙara sau biyu, ya wuce.

Saura hawan mai wanki. Ranar kuwa wata doguwar bas ake wankewa, ruwan sabulu ya rufe hanyar daga gefe zuwa gefe. Baba ya dube shi, ya sunkuya gaba, ya fara hawa da gajerun turi, ɗaya bayan ɗaya. Na ga abin da shi ma ya sani: sati shida a zaune sun ci ƙarfinsa, kuma hannun hagun bai gama dawowa ba. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya kai tsakiya, tayoyi sun kwaso kumfa sun jiƙa zoben, ya kai hannu zai tura, safar ta zame.

Keken ya taho baya. Taƙi ɗaya, taƙi biyu. Mama tana daidai bayansa, mariƙan nan suka nufo ta har sun kusa taɓa jakarta. Na zaro hannuwana daga aljihu.

"Mayar," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba.

Ita ma ba ta saki jakar ba. Baba ya damƙe tayar dama da ƙarfi ya bar ta hagu, keken ya juya ya tsaya a gicciye, gefensa na kallon gangaren. Ya ja birki biyu. Ya zauna yana haki, gumi na bin sabon tabon girarsa. Sannan ya zaro tawul, ya goge zoben dama, ya goge na hagu, ya goge safar yatsa bayan yatsa, ba gaggawa, kamar ba mu nan.

"Wannan shi ake kira hutun direba," ya ce, da ya samu numfashi. "Yana cikin tsari."

Bai sake fuskantar hawan kai tsaye ba. Ya riƙa yankarsa, ya nufi wannan gefe, ya juyo ya nufi wancan, yana cin tudun kaɗan-kaɗan har ya kai sama. Mai wanki ya tsaya da tiyo a hannu, ruwa na zuba a kan takalminsa bai sani ba.

A ƙofar makarantar Baba ya juya ya fuskanci matarsa. Ya yi ƙoƙarin yin fuskar wasa, amma na ga yadda yake murza tawul ɗin nan. "To, mai jarrabawa. Na ci ko na faɗi?"

Mama ta dube shi, ta dubi filin da tsofaffin tayoyinsa, da ɗaliban da suka fara leƙowa.

"Ƙarfe nawa kake tashi?"

"Ɗaya."

"In ka wuce ɗaya da rabi abinci ya huce, ba ruwana."

Ta juya ta kama hanya, na bi ta. Muna jin ƙararrawarsa a bayanmu, yana ta kaɗa ta yana kiran wani ɗalibi da ya ajiye mota a karkace. Ta sauka gangaren a miƙe, ta tsallake kwata, ta wuce tsakuwa. Sai da muka zo shagon tela, inda ba a hango makarantar, sannan ta tsaya. Ta zauna a kan bencin da ke ƙofar shagon. Ta so ta ajiye jakar, yatsunta suka ƙi buɗewa, sai da ta sa ɗaya hannun ta ɓamɓare su. Igiyar jakar ta yi mata shaida ja a tafin hannu.

"Kullum haka yake yi?"

"Kullum, Mama. Yau dai sabulun ya yi yawa."

Ta gyaɗa kai, ta goge ido da bakin mayafi. "Gobe ma zai fita?"

"Gobe Lahadi ce."

"To alhamdu lillahi, na samu kwana ɗaya." Ta kalli hanyar da muka biyo. "Malam, kada ka gaya masa na zauna."

Na ce ba zan faɗa ba. Tela ya kawo mata ruwa a kofi, ta sha rabi, sannan muka tafi gida ta ɗora tukunya.